Wa Ke Tambayar Ko Yaranmu Na Makarantar Gwamnati Sun Iya Karatu?

 Ina roƙon ku ba ni aron kunne a kan wata magana da na ga muna tsallake ta a tarurrukanmu.

A shekarar 2018 hukumar shirya jarrabawa ta NECO ta bayyana yawan yaran da suka yi rajistar jarrabawar shiga makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya. A duk ƙasa yara kusan 80,000 ne. Jihar Legas kaɗai ta kawo fiye da 25,000. Jiharmu ta Zamfara, mai ƙananan hukumomi 14, mai irin waɗannan makarantu a Gusau da Anka, ta kawo yara 28. Ko aji ɗaya ba su cika ba. Kafin wannan, a 2013, jaridu sun buga makin da ake nema daga yaron kowace jiha kafin a ɗauke shi. Na Anambra sai ya ci 139. Na Zamfara maki 4 ga namiji, maki 2 ga mace. Mutanen Kudu sun yi ta ƙorafi cewa ana fifita mu, wasu kuma suka mai da abin na barkwanci. Mu da ke zaune a nan mun san babu gata a cikin wannan lissafi. Rajista kuɗi ce, iyaye da yawa ba su ma taɓa jin sunan jarrabawar ba, kuma shugaban makarantar da ya san ɗalibansa na aji shida ba su iya karanta tambaya ba, ba zai wahalar da kansa wajen kai sunayensu ba.

In muka zauna maganar ilimi a matsayinmu na masu bi, abu biyu muke tattaunawa. Na farko, ƙarancin malaman da za su koya wa yaranmu darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Na biyu, wahalar samun fili da takardar izini don makarantar ikilisiya. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba na cewa a daina neman haƙƙi a kansu. Amma akwai tambaya ta uku da ban cika jin ta ba: yaranmu da ke makarantar gwamnati yanzu haka, sun iya karatu kuwa?

Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne. Yawancin waɗanda ke magana a taro, masu albashi da masu shago, sun riga sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Ban ga laifinsu ba, kowa na son nasa da alheri. To amma su wa aka bari a makarantar gwamnati? Ɗan gwauruwa, ɗan mai gadi, 'yar mai wankau, 'ya'yan mai bisharar ƙauye, da 'ya'yan 'yan'uwanmu manoma da 'yan bindiga suka koro daga gonakinsu. Iyayen waɗannan yara sukan zauna a bencin baya, ba su cika ɗaga hannu a taro ba. Shi ya sa damuwarsu ba ta shiga ajanda.

Duk mai shakka ya tambayi malaman Makarantar Lahadi. Ka miƙa wa yaro ɗan aji huɗu littafin waƙoƙi, ka buɗe masa waƙar da bai haddace ba, ka ce ya karanta baiti ɗaya. Za ka ga ya sunkuyar da kai yana murza gefen takarda. Da ka tada waƙar da ya sani, sai ya bi ka da murya mai daɗi har ƙarshe, idonsa a kan shafin da ba shi ake rerawa ba. Haka yake yi a makaranta: malam ya faɗa, aji ya amsa, a kwafi abin da ke kan allo kamar ana zana hoto. Wannan cuta ba tamu kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14, kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai suka iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, a lissafi kuma kusan kashi 25. Wannan na duk ƙasa ne, har da Legas da Anambra a ciki.

Sau da yawa nakan ji uba ya ce, “Yaron nan ba shi da kai, gara ya koyi sana'a.” Wannan magana tana mini ciwo, domin yaron da ake cewa ba shi da kai shi ne ke ba da canji daidai a tallar gyaɗa, ya san bashin da ke kan kowane mai saye, ya kuma haddace aya 20 don bikin Kirsimati. Kan yana nan lafiya. Abin da talauci ya ƙwace masa shi ne kwanaki da kuma ƙarfin zama.

Bari mu dubi kwanakin. Ƙididdigar talauci da aka fitar kan shekarar 2018 zuwa 2019 ta ce kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna rayuwa a ƙasa da Naira 137,430 a shekara. A Zamfara kusan kashi 74 ne, wato mutum uku cikin huɗu. A irin wannan gida yaro hannu ne na aiki. Da damina yana gona wajen shuka da noma, da kaka yana wajen girbi da ɗaukar kaya, ranar kasuwa yana tura baro. Yarinya tana talla da safe, ko tana renon ƙanenta domin uwa ta tafi aikatau. Doka ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, amma kyautar ba ta haɗa da rigar makaranta, takalmi, littafin rubutu da fensir ba, ga 'yan kuɗaɗen da akan nema nan da can, na ƙungiyar iyaye da malamai, na jarrabawa, na tsintsiya. Kowane ɗaya ƙarami ne ga mai albashi. Ga uwa mai yara biyar, shi ne dalilin da za a ce wa yaro, “Zauna gida sai na samu.” Mako guda ya wuce, biyu su wuce. Karatu kuwa kamar gini ne, in aka tsallake jerin tubali na ƙasa, na sama ba ya zama. Yaron da ba ya nan makon da aka koyi haɗa baƙi da wasali, ba wanda zai koma baya dominsa a ajin da ya cika maƙil.

Sai kuma kwanakin da ba iyaye suka ɗauke ba. Ku yi wannan lissafi tare da ni. Yaron da ya shiga aji ɗaya a watan Satumba 2019, bai gama zango na biyu ba aka rufe makarantu a watan Maris 2020 saboda annobar korona, aka yi watanni ana zaune a gida. Yana aji biyu, ranar 26 ga Fabrairu 2021, aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, tsoro ya kama iyaye ko'ina a jihar. Zai shiga aji uku, ranar 1 ga Satumba 2021 aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Shekarun nan uku su ne shekarun koyon karatu. Wannan yaro ya ci gaba da hawa aji kowace shekara, domin ba a cika maimaita wa kowa aji ba, ya kuma fita aji shida a 2025 da takardar shaida a hannu. Yanzu yana ƙaramar sakandare ana koya masa kimiyya da Turanci, shi kuwa har yau bai rabu da haruffa ba. In ya faɗi jarrabawar fita sakandare nan gaba, za a ce yaran Zamfara ba sa ƙoƙari.

A ƙauyukan Tsafe da na Bungudu abin ya fi haka muni. Inda sai manomi ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, wane malami ne zai hau babur daga gari kullum ya je ya koyar? Ko ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ba su tsira ba, an bi su har ɗakunan kwanansu a Sabon Gida cikin watan Satumba 2023. Iyalan da suka gudo cikin gari sun zo da yaran da suka yi shekara ɗaya ko biyu ba karatu, ba takardar canjin makaranta, wasu ma ba rigar sawa. In an karɓe su, sai a dubi tsawon yaro a sa shi a ajin da ya yi daidai da jikinsa. Ikilisiyoyinmu sun yi ƙoƙari wajen ba irin waɗannan iyalai hatsi da tabarma da wurin kwana, Allah ya saka. Ban dai ga inda aka bi sawun karatun yaran ba.

Game da yunwa ba sai na yi dogon bayani ba. Yaron da ya fito gida da ruwa kawai a ciki, kafin ƙarfe goma ya fara gyangyaɗi. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 an tsara shi a kan Naira 70 kowane yaro. Da dukan ƙorafin da aka yi a kansa, malamai sun shaida cewa ranar da abinci ya zo aji yakan cika. An dakatar da shi a watan Janairu 2024, daidai lokacin da aka fi bukatarsa, domin bayan cire tallafin mai a watan Mayu 2023 tsadar abinci ta yi ta hawa har ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024.

Akwai masu ɗora laifin duka a kan malamai. Sukan kawo misalin Kaduna, inda a 2017 aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin makin da aka sa. Gaskiya ne akwai waɗanda aka ɗauka aiki don sanayya, akwai kuma masu sa hannu su tafi. Amma mu tuna malamin firamare shi ma talaka ne. Dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 ta fito a 2019, ma'aikatan Zamfara ba su fara ganinsa ba sai a 2024, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta koma 70,000. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, dole ya nemi kabu-kabu ko gona ko tireda, kuma lokacin yara ne zai biya. Da yawa daga cikin malaman nan, Musulmi da Kirista, suna sayen alli da kuɗin aljihunsu. Kafin mu zage su, mu je mu ga ajin da suke tsayawa.

Ita gwamnati, a ba ta abin da yake nata. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamba 2023, an gyara gine-ginen makarantu da dama, an kuma biya basussukan hukumomin jarrabawa da suka sa aka riƙe sakamakon ɗalibanmu shekara da shekaru. Wanda ɗansa ya zauna gida saboda sakamakon da aka riƙe ya san darajar wannan. Sai dai fenti da kwano ana ganinsu daga bakin titi, karatun yaro kuwa sai an zauna kusa da shi. Abin da ya kamata shugabanninmu su riƙa tambaya duk lokacin da suka sami ganawa da hukumar ilimin firamare ta jiha ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shi ne: cikin 'yan aji uku na wannan makaranta, nawa ne suka iya karanta layi biyar?

Abin da ke ba ni ƙarfin zuciya shi ne koya wa yaro karatu ba ya bukatar dukiya mai yawa. An gwada a nan jiharmu. Shirin RANA, wanda UNICEF ta gudanar da tallafin gwamnatin Birtaniya a Zamfara da Katsina tun daga 2015, ya koyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa, da ƙananan littattafai masu sauƙi. A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da dabarar da ƙasashen Afirka da dama suka ara: a ajiye maganar aji, a gwada kowane yaro shi kaɗai, a raba su bisa abin da suka iya. Waɗanda ba su san baƙi ba rukuni ɗaya, masu haɗa kalma rukuni ɗaya, masu karanta jimla rukuni ɗaya. Sa'a ɗaya ko biyu a rana, na 'yan makonni, masu sa kai ne ma ke koyarwa a wurare da yawa. A watan Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka kafa a 2022, aka koma Turanci. Masana na ta muhawara a kai. Ni dai a ganina yaron Tsafe da bai taɓa jin Turanci a gida ba zai fi saurin gane yadda haruffa ke aiki in ya fara da kalmomin da yake furtawa kullum, daga nan ya haura zuwa Turancin. In makaranta ba za ta yi masa wannan ba, wani ya yi masa.

Wannan aiki kuwa ba baƙo ba ne a gare mu. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ajin karatu yake tafiya tare da ajin baftisma. Kakanninmu da yawa ba su taɓa shiga makarantar boko ba, amma sun koyi karatu a ƙarƙashin bishiya a hannun mai bishara, da allo ɗaya da fitilar kwai. Iyayenmu mata na Zumunta da yawa a nan suka koya. Yaya aka yi jikokinsu masu rigar makaranta suka kasa abin da su suka iya? Muna da ɗakin sujada da bencina da ke zaune ba kowa daga Litinin zuwa Asabar in ban da lokutan addu'a da koyon waƙa. Muna da malamai masu ritaya. Muna da matasa da suka gama kwalejin ilimi ta Maru da ta Gusau suna zaune ba aiki. In kowace ikilisiya ta ware yamma uku a mako, sa'a ɗaya da rabi, don karatu da lissafi kawai, ba wa'azi, ba koyon waƙa, kafin Ista za a ji bambanci a Makarantar Lahadi. A haɗa da kofin kunu ko ɗan ƙosai. Tiya biyu ko uku daga hatsin da ake kawowa ranar godiyar kaka za su riƙe wannan na tsawon lokaci.

Na san abin da wani dattijo zai ce: “Mu ma fama muke, baikon Lahadi ko albashin fasto ba ya biya.” Haka ne a ikilisiyoyin ƙauye, kuma ba su nake nufi da wannan ba. Amma mu na cikin Gusau, mu faɗa wa juna gaskiya. Mun iya tara kuɗin tayil da na sabon janareta da na kayan kiɗa cikin Lahadi biyu. Mun iya ɗinka anko sau uku a shekara. Kuɗin anko na taro ɗaya zai sayi littattafan rubutu da fensir na dukan yaran wata ikilisiyar ƙauye na shekara guda. Makarantun ikilisiya kuma, da aka gina da baikon kowa har da na gwauruwa, ya dace kowace ta ware gurabe a kowane aji don yaran da iyayensu ba za su iya biya ba, a rubuta a ƙa'ida, kada ya zama alfarmar da sai wanda ya san shugaba.

Duk da haka, ko mun yi iyakar ƙoƙarinmu, makarantun ikilisiya ba za su ɗauke dukan yaranmu ba. Yawancinsu za su ci gaba da zama a makarantar gwamnati, don haka dole mu koma cikinta. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka tsara cewa kowace makarantar firamare ta kasance da kwamitin al'umma mai lura da ita, wanda ya ƙunshi iyaye, mata, masu unguwa da sauran mutanen gari. Mu nawa ne a cikin irin wannan kwamiti? Mu nawa ne ke zuwa taron iyaye da malamai? Wani zai ce ba a son mu a can, ko an sa mu ba za a saurare mu ba. Wataƙila a wani wurin haka ne. Amma wanda bai zo taro ba, ba zai ce an hana shi magana ba. Makarantar ta gwamnati ce, da kuɗin ƙasa ake tafiyar da ita, kuma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa yaro darasin addinin da ba nasa ba. Uban da shugaban makaranta ya saba ganin fuskarsa, wanda ya taimaka aka gyara rufin da iska ta yaye, shi ne za a fi saurara ranar da ya zo da ƙorafi a kan ɗansa. Maƙwabcinmu Musulmi talaka, ɗansa da namu benci ɗaya suke, ko kuma ƙasa ɗaya suke zaune in babu bencin. In muka je tare muka tambayi dalilin da malamin aji biyu bai zo ba mako uku, muryar ta fi ƙarfi.

A kan ajin yamma, sai an yi hattara, mun san inda muke zaune. A sanar da mai unguwa da shugaban makaranta tun kafin a fara. In maƙwabci ya ce yana son ɗansa ya shiga, a karɓa da yardar uban a fili, kuma a tsaya a kan karatu da lissafin da aka ce, ko ma a nemi aron aji a makarantar unguwa a yi a can. A wuraren da hanya ba ta da lafiya, a tashi da sauran rana, kada yaro ya yi tafiyar magariba.

Roƙona ga majalisar dattawa ta kowace ikilisiya ƙarami ne. Sakatare ya ɗauki littafi ɗaya, ya rubuta sunan kowane yaro mai shekara 6 zuwa 14, da makarantarsa, da ajinsa, da ko yana zuwa kullum, har da yaran iyalan da suka yi gudun hijira zuwa cikinmu. Malaman Makarantar Lahadi su zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban jama'a ba don kada a kunyata kowa, su ba shi layi biyar na Hausa mai sauƙi da lissafin ragi guda biyu, a sa alama gaban sunansa. Aikin Lahadi biyu ne, ba ya cin ko kwabo. Fasto ya kawo adadin, ba sunayen ba, zuwa taron gunduma na gaba, a ajiye shi a kan tebur kusa da rahoton ma'aji.